Shafin da Ya Riƙa Manta Kakana

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Talata Mafara, ba ni da aikin yi sai cika baki. Duk abin da na gani sai in ce ai wannan shafin intanet ɗaya zai gyara shi. Layin asibiti, rabon taki, har rigimar wa zai wanke tukunya a gidanmu, duk ina da maganinsu a baki. Da mahaifiyata ta gaji, sai ta ce in tafi Bakura in gyara wa kakana duniya, tunda shi ke da haƙurin sauraron shirme.

Kakana na wajen uba manomin albasa ne a fadama. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne tun ina rarrafe. Yana kirana amarya, ina kiransa ango mai furfura, kuma duk zuwana sai ya sake ni saboda ban iya tuƙa tuwo ba, sannan ya mayar da ni kafin in tafi. A shekarar nan gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, har babana da ƙannensa suka zauna suka yanke magana: in albasar bana ba ta yi kyau ba, Kaka ya gama noma. Za su karɓi gonar, shi kuma ya huta a ƙofar gida. Kaka ya ji maganar kamar an ce za a binne shi da ransa, don tun yana saurayi yake shiga gonar nan.

Manoman gefensu suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da babban injin ban ruwa guda ɗaya da ake ja daga gona zuwa gona. Kowa yana da rana ɗaya a mako, kuma kowace rana mutum kaɗan take ɗauka. Rigimar duk a kan wace rana ce. In ka sha ruwa farkon wancan mako, sannan ka faɗa ƙarshen wannan, albasarka ta kusa mako biyu da ƙishirwa ke nan. Ganye ya sunkuya, kai ya ƙi girma. Kowane mako sai an yi cacar baki a gindin bishiya, wasu su tashi ba sa ga maciji da juna.

Na ce musu su bar min. Na yi musu ɗan shafi mai manyan akwatuna, kowane akwati da sunan rana da Hausa. Mutum ya buɗe a wayarsa, ya sa lambar wayar da lambar sirri, ya danna ranar da yake so. Shugaban ƙungiya ya roƙi in ƙara maɓalli ɗaya na barin rana ga wani, saboda in an yi rasuwa ko suna mutum yakan bar wa maƙwabcinsa. Duk wanda ya bar wa wani, shafin yana rubutawa a gaba kowa ya gani, don mai jan inji ya san inda zai nufa. Aka yarda za a riƙa buɗe zaɓen ranar Talata da hantsi, lokacin da kowa yake kasuwar Mafara, inda waya ke kamawa da kyau, makon ban ruwa kuma ya fara daga Laraba. Da na ce wa Kaka ya zaɓi lambar sirri, bai ko yi tunani ba ya ba ni lambar tsohon babur ɗinsa da ya daɗe da zama ƙarfen banza. Na ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa, ya ce shi ba yaro ba ne.

Akwai abin da wanda ba ya sana'armu bai sani ba. Shafin intanet ba shi da tunani ko na sauro. Kowane dannawa da ka yi, a wurinsa baƙo ne ya shigo. Don kada ya yi ta tambayarka wane ne kai, da ka sa lambar sirri sai ya ajiye wata 'yar alama a cikin wayarka, kamar katin da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa. Muddin wayar na nuna alamar, shafin ya san ka. Wannan ɗan zaman da kuke yi tare shi muke kira seshon. A makaranta an koya mana kada a bar shi ya daɗe: in mutum ya yi shiru bai taɓa komai ba, a soke alamar, ya sake sa lamba. Ni kuwa ɗalibar kirki, na sa minti biyar, ina jin kaina kamar mai tsaron banki.

Ban lissafa da gaisuwa ba.

Ranar Talatar farko na zauna kusa da Kaka a rumfar wani abokinsa mai sayar da iri. Ya ciro tabarau, ya goge, ya sa lambobinsa da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Akwatuna suka fito. Yatsansa na kan Laraba, sai wani dattijo ya yi sallama. Kaka ya kifa wayar a cinya, ya miƙa hannu biyu.

"An kwana lahiya? Ina gajiya? Ya gida, ya iyali? Ya mai jiki, ta samu sauƙi? Ya ƙoƙari? Ya hanya, kun iso lahiya? Madalla, madalla. Ya mutanen Kaya? To ya muka ji da sanyin ga?"

Dattijon ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo da nasa tambayoyin daga farko. Ina ta zungurar Kaka da gwiwar hannu, ina raɗa masa ya danna kawai ya ci gaba da gaisuwar. Ya watso min wani kallo da ya sa na kama bakina. Da dattijon ya wuce, Kaka ya ɗaga waya, shafin ya ce ya sa lambar sirri. Ya sake gogar tabarau, ya sake tsintar lambobi. Bai kai ga akwatuna ba wani ya yi sallama. Kafin azahar ya shiga shafin nan ya fi a ƙirga, kuma abin da ya samu a ƙarshe Lahadi ce.

"Amarya," in ji shi, "wanga abu naki ba ya da tarbiyya. Na hwaɗa mai ko ni wane ne, na juya in amsa sallama, yac ce bai san ni ba. Wa yah haihe shi?"

Na ce ni na haife shi. Ya ce ai ya ga kama.

Na yi dariya a ranar, amma bayan 'yan makonni dariyar ta ɗauke. Na duba na ga duk ranakun farkon mako sun koma hannun samarin da ke gaisuwa da ɗaga hannu daga kan babur. Dattawa kuwa an tara su a ƙarshen mako kamar an share su da tsintsiya. Ashe na zauna da ilimina na gina abin da ke ba marasa gaisuwa lada. Kunya ta kama ni sosai, kuma na tsorata, don albasar Kaka ta fara nuna alamar wahala, babana kuma yana lura.

Sai na yi abin da mai zafin kai ke yi, na tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan. Na cire minti biyar ɗin gaba ɗaya, na ce alamar ta zauna a waya har ƙarshen noman rani. Ka shiga sau ɗaya, shafin ya riƙe ka ko za ka gaisa da Mafara kaf. Talatar da ta biyo Kaka ya gaisa da mutum uku a jere, ya ɗaga waya ya tarar da akwatuna na jiransa. Ya danna Laraba, ya ce yaron ya fara hankali, kuma ya fasa sakina na wannan makon.

A nan taubashinsa ya shigo labarin. Ɗan ƙanwar mahaifin Kaka ne, tsoho siriri mai giɓi, kuma kamar yadda taubasai suke, kowannensu na cewa ɗayan bawansa ne. Tsakaninsu ba a fushi. Ya ɗauke maka hula, ya cinye maka goro, ya kunyata ka gaban surukai, sai dai ka jira ranar ramuwa. Shi ne ma ya jefa tsohon babur ɗin Kaka a rami kan hanyar Janbako tun suna da ƙarfinsu, kuma har lokacin Kaka bai daina yi masa gorin abin ba. Asalinsa yana zaune ne a wani ƙauye can bayan Maradun. Da zaman ƙauyen ya gagara, ya kwaso iyalinsa ya dawo Bakura ba shanu ba rumbu. Aka ara masa 'yar gona a can ƙarshen fadama, inda ƙasa ta fi yashi, ruwa na shiga yana ɓacewa. Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. In ka tambaye shi ya gida, zai ce ya fi gidanku.

Wata Talata, Kaka ya gama danna Larabarsa, taubashin ya zo ya zauna a kan tabarma ba gayyata.

"Kai bawa, miƙo wayar ga in kira ɗiyata. Tawa ta mutu, ba caji."

A wurinmu ba a hana mutum aron waya, balle taubashi. Kaka ya miƙa masa, ya tashi da sandarsa ya tsallaka ɗaya rumfar don gaida wani malami. Ni ina can ina hira da mai rumfa. Ba a jima ba wani manomi ya tsaya gaban Kaka yana cewa Allah shi saka da alheri, haka ake son zumunci. Wani ya zo ya ƙara nasa. Na buɗe shafin a wayata, sai ga shi ɓaro-ɓaro a gaba: Kaka ya bar wa taubashinsa ranar Laraba.

Kaka ya dawo yana ɗaga sanda. Ya kira taubashin ɓarawo, ɗan fashin rana, wanda ya kashe babur yanzu ya dawo kashe albasa. Taubashin ya kwanta a tabarma yana dariya har giɓinsa na sheƙi, yana cewa shi dai ya ga ƙofa a buɗe ne ya shiga, kuma dukiyar bawa ai ta ubangidansa ce. Mutane suka taru suna shan kallo. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Kaka ya kwantar da hankalinsa, dannawa ɗaya zan yi in dawo masa da ranarsa.

Ya sauke sandar. "Bayan mutane sun yi man addu'a? In bi su ɗai-ɗai in maida musu addu'arsu? Bar shi. Na san inda za ni kama shi."

Haka makon ya wuce gonar Kaka ba ta ga inji ba. Na bi babana muka je dubawa. Bakin ganyen ya yi rawaya, fangali biyu na gefen tudu sun kwanta. Babana dai ya tsuguna ya murza ƙasa a tafin hannu ya kakkaɓe, kuma na fi son a ce faɗa ya yi. A hanyar dawowa muka bi ta ƙarshen fadama. Na hango taubashin shi kaɗai, ya naɗe wando, yana jan ruwa da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan, a hankali, kada ɗigo ya ɓace. Ba dariya a fuskarsa, har na kusa kasa gane shi. Amma haushi ya cika ni a lokacin, abin da na gani kawai shi ne ruwan kakana a gonar wani.

Na koma gida na zauna gaban kwamfuta da niyyar gyara na ƙarshe. Darasin a fili yake, kowane littafin sana'armu ya faɗe shi. Alamar nan waya take shaidawa, ba ta san hannun da ke riƙe da wayar ba. Mai gadin babura ma duk wanda ya kawo kati shi yake ba babur. Don haka na bar zaman ya daɗe yadda dattawa ke so, mutum ya duba, ya zaɓi rana, ya gaisa iya son ransa. Amma maɓallin barin rana ga wani, da ka taɓa shi sai ya sake neman lambar sirri. Na gwada ta kowace fuska, ya riƙe gam. Gaskiya na ji daɗin kaina, har na yi wa ƙannena bayanin da ba su tambaya ba.

Na tafi Bakura takanas don in karɓi yabo. Na nuna wa Kaka, na ce yanzu ko taubashinsa ya kwana da wayar ba abin da zai iya.

"Ko ni sai na sa lambar?" ya tambaya.

"Har kai, ango."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sai ya ce, "To." Bai sake ni ba, bai mayar da ni ba, bai ce komai kan tuwo ba. Na ɗauka gwiwar ce ke damunsa.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa, albasa ta shiga lokacin yin kai, lokacin da rashin ruwa na mako ɗaya ke nunawa har a buhu. Babana ya riga ya faɗa a gida cewa saura ƙiris, in aka sake samun matsala magana ta ƙare. Kaka ya san da haka, don a gabansa aka faɗa.

Ranar Talata muna rumfar mai iri, Kaka ya danna Laraba. Taubashin ya iso, ya fi da ramewa, amma bakin na nan. Ya ce bawa ya miƙo waya. Kaka ya miƙa. Ni na gyara zama, na harɗe hannu, ina jiran in ga ɓarawo ya ci karo da bango. Ya yi 'yan danne-dannensa, sai ya tsaya. Ya kalli wayar, ya kalle ni, sannan ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

"Wayar taka ta koyi rowa wurin mai ita," in ji shi, ya miƙo ta.

Kaka bai karɓa ba. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe riga, ya ɗaga murya yadda rumfa uku za su ji.

"Ka gani ko? Amaryata ta gama da kai. Yanzu sai da lambar sirri, kuma ba ka samun ta har abada. Kada ma ka wahal da kanka kana tuna lambar babur ɗin da kaj jefa rami hanyar Janbako. Kai da ba ka da ƙwaƙwalwa, ina za ka tuna?"

Ya juya ya tafi gaida wani mutum da na tabbata sun riga sun gaisa da safen nan.

Na zauna kamar an zuba min ruwan randa. A nan na gane komai, har satar farko. Kaka ya san gonar yashin nan ba za ta rayu da rana ɗaya a mako ba, ya kuma san ita kaɗai ta rage wa mutumin. Da ya ba shi a fili, da ya mayar da taubashinsa abin tausayi, shi kuwa taubashin zai gwammace albasar ta ƙone da ya karɓa. Sata kuwa hakkinsa ce, an haife shi da ita. Ni da wayona na zo na toshe 'yar ƙofar da tsofaffin nan biyu suka samu.

Taubashin yana riƙe da wayar, bai danna komai ba tukuna. Tawa wayar na cikin hannuna, kuma daga nan inda nake zan iya soke zaman Kaka in canza lambar sirrin, shafin ya manta shi nan take, Laraba ta tsira, gonar ma wataƙila ta tsira. Na san abin da babana zai ce in yi. Ina son kakana ya ci gaba da nomansa, ina so har cikin raina. Can tsakiyar "ya gida, ya iyali" Kaka ya waiwayo ya kalle ni sau ɗaya, irin kallon da ya yi min ranar da na zungure shi yana gaisuwa. Na jefa wayar a jaka, na tashi na tafi duban atamfar da ba ni da niyyar saye.

Da na dawo an riga an fara yi wa Kaka addu'a, shi kuma yana ɗaga sanda yana rantsuwa sai ya kai ƙarar ɓarawo wurin hakimi. Taubashin na kwance a tabarma yana dariya. Sai da ya juya kai na ga yana share ido da bakin hula.

Albasar Kaka ba ta yi kyau ba a shekarar. Babana da ƙannensa suka cika maganarsu, suka karɓi gonar, aka shimfiɗa wa Kaka buzu a ƙofar gida. Na yi kuka a ɗaki ranar, shi kuwa ya ce ai gara haka, yanzu zai gaisa da mutane ba mai zungurarsa. Shafin yana nan yana aiki har yau, kuma ban taɓa maɓallin nan ba tun daga lokacin.

Bayan an kwashe albasa ina Bakura, sai ga taubashin ya turo buhun albasarsa a baro har ƙofar gida. Ya sauke gaban buzun, ya ce ga sadaka ya kawo wa bawansa da ya tsufa. Kaka ya kwance bakin buhun, ya zaro ɗaya jajir mai cika hannu, ya matsa ta, ya sunsuna.

"Ƙanana," in ji shi. "Ruwan sata ba ya albarka."

Ya ce in ja buhun in kai ɗakinsa, kada in bari kowa ya taɓa. Wadda ya zaro kuwa bai mayar ba. Tana hannunsa yana jujjuya ta, yana amsa gaisuwar masu wucewa, har aka kira la'asar.